Hantar da Na Ci a Takarda

Ko na tsufa har jikoki suna ja min gemu, ba na jin zan manta da makon da na ci hanta sau biyar a takarda, alhali rabona da hanta tun Babbar Sallah. Da biro na ci ta, shi ma biron na aro ne. Na haɗa da ƙwai da madara da cinyar kaza, na kora da lemon kwalba, duk ban tashi daga inda nake zaune ba. A lokacin gani nake ƙaramar dabara ce, irin wadda mutum zai yi ya manta kafin la'asar. Ashe har tsakar gidanmu za ta biyo ni.

Bari in faro daga tushe. Ina aji biyu na babbar sakandare a wata makaranta da ke tsakanin Kura da Bunkure (ba zan faɗi sunanta ba, Firinsifal ɗinmu mutum ne mai yawan karance-karance). Babana manomin rani ne, tumatir da albasa idan ruwa ya ɗauke, shinkafa da damina. Ni kuma idan ba na makaranta to ina bakin kanal ɗin ban-ruwa, kuma duk gidanmu an san ni da baiwa ɗaya tak: gyaran saman kwando. Wanda bai taɓa sayar da tumatir ba sai an yi masa bayani. Ƙanana da masu tabo ake fara zubawa a ƙasa, matsakaita su biyo baya, sannan a zaɓo manya jajaye masu sheƙi a jera su a sama ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juyo da gefensa mai kyau. Dillali ya san an yi, mu mun san ya sani, shi ma idan ya kai gaba hakan zai yi. Ba wanda yake kiran wannan ƙarya. Gyara muke cewa.

To ana tsakiyar kakar tumatir ta bara, wata Litinin sai ga farar mota ta shigo makarantarmu. Wata mata ce ta fito, siririya mai gilashi, da abokan aikinta biyu riƙe da kula irin ta masu sayar da ruwan sanyi. Aka ce sunanta Dakta Rabi, daga wata jami'a take, bincike take yi a kan abincin matasa da jininsu. Aka ba kowannenmu takardar neman izini ya kai gida. Baba sai da ya sa aka karanta masa sau biyu kafin ya sa hannu. Iya kuwa, wato kakata da ta haifi Baba, wadda ba ta kirana da komai sai "Maigida", ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ɗin har wani jini gare shi da za a ɗiba? Su dai bar maka na tafiya masallaci."

Ranar da Dakta ta shigo ajinmu ba ta fara da Turanci ba, abin da ya sa muka nutsu ke nan. Ta ce, "Wa ya taɓa kai niƙan tumatir inji?" Duk muka ɗaga hannu.

"To idan aka juye kwando guda a inji aka niƙe, ka lasa, za ka iya gaya min guda nawa ne ruɓaɓɓu a ciki?"

Muka ce a'a.

Ta ce haka aka daɗe ana yi da jini. Jikin mutum gaba ɗaya an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin halitta. A cikin jini akwai jajaye masu dakon iskar da muke shaƙa, akwai farare masu yaƙi da cuta, su ma fararen ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda soja daban, ɗan sanda daban, ɗan sintiri daban. A da sai a haɗa su duka a narke a auna, a sami amsa ɗaya ta gaba ɗaya, irin ta niƙaƙƙen tumatir. Yanzu kuwa akwai na'urar da take ware kowace ƙwaya ita kaɗai, ta sa ta a ɗan ɗigon ruwa nata, ta yi mata lamba, sannan a karanta aikin da take cikin yi. Ita abin da take son sani shi ne, idan abincin matashi ya gaza a abubuwan da suke gina jini, wace irin ƙwaya ce take fara nuna gajiya.

Gaskiya abin ya burge ni. Na zauna ina kallon bayan hannuna, ina tunanin wai akwai wata runduna a ciki da ban taɓa gaisawa da ita ba.

Sai Nazifi ya ɗaga hannu. Nazifi abokina ne, kuma shi ne babbar jarrabawata a duniya. Babansa yana da injin casar shinkafa a Kura, don haka shi shayinsa na safe har kauri yake yi. Ya ce, "Dakta, na'urar za ta iya ganin abin da mutum ya ci?"

Ta yi dariya ta ce, "A'a. Ba za ta iya ba. Shi ya sa..."

Daga nan ta yi bayani mai tsawo, ta raba mana ƙananan littattafai, ta ce kwana bakwai mu rubuta duk abin da ya shiga bakinmu, ko gyaɗa ce, rana ta takwas a ɗebi jini. Amma ni, in gaya muku gaskiya, kalma ɗaya ce ta zauna min a kai. A'a. Sauran bayanin duk ta saman kunnena ya wuce.

Kwana biyun farko na rubuta gaskiya. Safe, ɗumamen tuwo da miyar kuka. Rana, garau-garau da mai da yaji. Dare, tuwon masara da miyar kuka. Washegari ma haka, sai dai ɗanwake ya karɓi garau-garau. Ban ga wani abin kunya a ciki ba, abin da muke ci ke nan tun da na yi wayo. Sai ranar Laraba da aka fita tara, Nazifi ya fizge littafin daga aljihuna, ya hau kan benci, ya gyara murya irin ta masu karanta labarai a rediyo.

"Jama'a masu sauraronmu, ga kanun labaran. Ɗumame ya sake lashe zaɓe karo na biyu ba hamayya. Miyar kuka ta ce ba za ta sauka daga mulki ba. Wakilinmu ya nemi jin ta bakin nama, amma an ce ba a san shi a unguwar ba."

Aji ya ɗauka. Har 'yan matan da ba sa dariya sai sun rufe baki da hijabi, ranar sun manta da hijabin. Kafin a tashi na zama Alhaji Ɗumame. Ni ma na yi dariyar, don in ba ka yi ba abin ya fi ciwo, amma kunnuwana zafi suke yi har na isa gida. (Yanzu da nake tunani, rabin masu dariyar nan ɗumamen suka ci suka fito. Amma a lokacin wa yake wannan lissafin.)

Da yamma na zauna a bakin kanal, na cire shafukan nan biyu a hankali, na fara sabon rubutu. Tunda na'ura ba ta gani, ai littafin ma kwando ne, samansa kawai za a duba. Litinin, shayi da burodi da wainar ƙwai uku. Rana, shinkafa da miyar hanta. Dare, taliya da kifin gwangwani. Hannuna ya saki. Zuwa ranar Asabar na cinye kaji biyu da rabi. Na bar tuwo sau ɗaya ranar Alhamis don kada a ce na cika baki, shi ma na zuba masa miyar taushe da ƙashin rago. Da Nazifi ya sake fizgewa ya karanta, sai ya dube ni ya ce, "Kai, ashe ranar nan azumin nama kuke yi." Na ce masa ai mu ba ma son nuna arziki.

Akwai abu ɗaya da ya faru a makon wanda ban ba shi muhimmanci ba. Umma ta gan ni da littafin ta tambaye ni na mene ne. Ita karatun allo ta yi, ba ta karanta boko. Na ce mata abin da take dafa mana ake rubutawa, za a kai jami'a. Ta ce, "Girkina? Har jami'a?" Ta yi 'yar dariya ta koma madafi. Daga ranar na lura daddawar miya ta ƙaru, kwaɗon zogale ya sami ƙuli-ƙuli fiye da yadda aka saba. Ranar Juma'a kuwa sai ga busasshen kifi a miyar kuɓewa, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Da ta miƙo min kwanona ta ce, "Ka rubuta mu da kyau." Na ce to. Na cinye, na suɗe kwano, na je na rubuta shinkafa da miyar kaza.

Ranar ɗiban jini ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Na shiga ina ce wa 'yan aji allura ba ta ba ni tsoro, na fito ana min fifita da kwali. An tsira min yatsa an auna yawan jinin nan take, an kuma ɗebi wani a 'yar kwalba an sa a kula mai ƙanƙara.

Bayan kamar kwana goma Dakta ta dawo, aka kira mu kaɗan zuwa ofis, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce aikin duba ƙwaya-ƙwaya yana da tsada da cin lokaci, ba za a yi wa kowa ba, mutum kaɗan ta zaɓa, kuma ina ciki. Kafin ta rufe baki na fara tsara yadda zan gaya wa Nazifi. Sai ta cire gilashi ta ce, "Naka ne ya fi ɗaure min kai. A littafi duk ajin ba wanda ya kai ka cin abin da ke gina jini, amma jinin naka yana ƙasa. Ko dai jikinka ba ya karɓar abin da kake ci, ko wani abu yana janyewa. Irin naka nake so in duba sosai."

Na gyaɗa kai irin na mutumin da shi ma abin yake damunsa.

"Kafin in aika da kwalaben," in ji ta, "zan zagaya gidajen waɗanda na zaɓa da sikeli, in ga tukunya da ludayi da kwanon da kuke ci, in yi magana da iyayenku mata. Na faɗa muku tun ranar farko ai. Ku ranar Asabar ne, da hantsi."

Ta faɗa kuwa. A cikin bayanin nan ne da ya biyo bayan a'a.

Na fito daga ofis ina lissafin abin da ke tafe. Ba bulalar Firinsifal nake tsoro ba, mun saba da juna ni da ita. Ba faɗan Baba ba ne ma. Abu ɗaya ne ya dame ni: kada Umma ta ji abin da ke cikin littafin nan. Matar da take tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, wadda ba ta zuba nata sai kowa ya ƙoshi, sau da yawa ma ƙanzo ne rabonta. Ta yaya za a zauna a tsakar gidanta a karanta mata cewa ɗanta ya duba girkinta na kwana bakwai bai ga abin rubutawa ba?

Mai hankali a nan zai koma ofis ya faɗi gaskiya. Minti biyu ya isa. Ni kuwa sai na tsaya ina tunanin yadda zan gyara saman gidanmu.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je wurin mai shayin bakin titi, na ce ya tara min ɓawon ƙwai da gwangwanayen madara, aikin makaranta za mu yi. Ya ce, "Boko dai ba ta ƙarewa da abin mamaki," ya cika min leda. Na biya ta wurin masu fige kaji na ƙaro gashin kaza cikin hannu biyu. Dabarata ita ce, idan Dakta ta shigo ta ga shaida a ƙasa, ba sai ta yi dogon bincike ba, ta auna tukunya ta tafi. Yadda zan yi da bakin Umma kuwa, wannan ban kai ga tunaninsa ba. (Na lura duk dabaruna haka suke, kai gare su babu ƙafa.)

Asabar da na dawo sallar asuba, na watsa ɓawon ƙwan daga gefen madafi har kusa da ƙofar Iya inda ake zuba shara, na barbaɗa gashin kazar a wurin, na jera gwangwanaye a kan katanga. Na ja baya na duba. Ya yi kyau.

Gari na wayewa sai salatin Iya ya tashi gidan.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ku fito ku gani! Wane mara tsoron Allah ne ya yi mana wannan? Ɓawon ƙwai da gashin kaza a ƙofar ɗakina! Ni me na tare wa mutane a garin nan?"

Na manta sarai cewa a wurin Iya, ƙwai da gashin kaza a bakin ƙofa ba alamar arziki ba ce, alamar asiri ce. Ta hana kowa taɓawa. Ta sa aka kewaye wurin da toka. Tana tofa addu'o'i tana lissafo mutanen da take zargi, tun daga wata maƙwabciya da suka yi cacar baki kan akuya har zuwa wani mutum da ya rasu tun ban shiga firamare ba. Baba ya riga ya tafi gona, ranar ban-ruwansu ce. Ni kuwa ina tsaye ina taya ta mamaki, har da cewa, "Kai, mutane ba su da kirki."

Ana cikin haka aka yi sallama. Dakta ce da abokiyar aikinta, riƙe da sikeli.

Umma ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali. Na lura ta sa mayafinta na zuwa biki. Iya ta ja kujerarta kusa, tana ta ba Dakta haƙuri wai ta zo ta same mu cikin tashin hankali, maƙiya sun yi mana aike. Dakta ta dubi da'irar tokar, ta dubi gwangwanayen da ke kan katanga, ta dube ni. Ta buɗe littafina.

"Umma, tambayoyin ba su da yawa. Hantar nan da kuke yawan yi, ta saniya ce ko ta rago? Kuma kamar yaya ake zuba masa?"

Umma ta ce, "Wace hanta?"

"Ta miya. Ga ta nan Litinin, Talata, Laraba..."

"A nan gidan?"

Na duba ƙasa ko za ta tausaya min ta tsage, amma ƙasar gidanmu daɓe ce mai ƙarfi, Baba ne ya yi ta da kansa.

Iya ta ce, "Karanto mana, 'yar nan. Karanto duka mu ji."

Dakta ta karanta kaɗan. Wainar ƙwai uku. Cinyar kaza. Madara kofi biyu. Kowanne ta faɗa sai Iya ta ce "Iye!" Da aka zo kan ƙashin rago ta tafa hannu.

"Maigida! Ashe daula kake ci a ɓoye ka bar ni da tsotsar ƙashin kifi? To tsaya. A ina kake samu?" Sai fuskarta ta canza. "Kai, dube ni nan. Ko dai kwandunan ubanka kake karkatarwa a hanyar kasuwa?"

Nan fa aka zo wurin. Ko in zama maƙaryaci, ko in zama ɓarawo, kuma Iya ba ta ba da lokacin shawara. Na buɗe baki, muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wani ɗan akuya ce.

"Ban ci ba."

"Me?"

"Ban ci ko ɗaya ba. Rubutawa kawai na yi."

Iya ta dube ni, ta juya ta dubi da'irar tokarta, ta sake dubana. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata.

"La'ilaha illallahu. Kai ne bokan?"

Abokiyar aikin Dakta ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Iya ta shiga yi min tas, wai tun safe ta ɗauki alhakin bayin Allah har da mamaci saboda ni. Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai, da ni ma na fi kowa ba da shi. Amma Umma ba ta yi dariya ba. Tana zaune ta haɗa hannuwa a cinya. Da Iya ta tsagaita sai ta ce, a hankali,

"Dakta, don Allah duba min ranar Juma'a da dare. Me ya rubuta?"

Dakta ta duba. "Shinkafa da miyar kaza."

"Babu kifi?"

"Babu."

Umma ta ce, "To."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta tashi ta shiga madafi, ta fito da tukunyar tuwo da ta miya da ludayi da kwanona mai lotsattsen gefe, ta jera su a gaban sikeli. Ta ce, "Auna, 'yata. Wannan shi ne namu." Ta shiga lissafo wa Dakta abin da muka ci a makon da na yi rubutun, rana bayan rana, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da yawan cokalin man da ta zuba a garau-garau. Ba ta dube ni ba sam. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Da za su tafi Dakta ta ce in raka su. A soro ta tsaya. Na shirya jin faɗa, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Ka san abin da ya kusa faruwa?" ta ce. "Da ban zo ba, da na aika da jininka. Na'ura ta zauna ta bi ƙwayoyinka ɗaya-ɗaya, dubbai, ba za ta yi kuskure a ko ɗaya ba. Sannan in ɗauki wannan aiki mai kyau in jingina shi da littafinka, amsar ta fito ƙarya. In rubuta cewa ga yaro yana cin hanta kullum amma jininsa bai hau ba. Wani ya karanta ya yarda."

Na ce mata dariya aka yi min a aji. Na ba ta labarin kanun labarai. Ta ɗan murmusa, ta ce, "Ni ɗumamen nake nema. Gida nawa ne a garin nan suke karyawa da ƙwai? Idan ban san abin da ɗumame da wake da zogale suke yi a jiki ba, me ya kawo ni?"

Bayan motarsu ta tashi na daɗe a soron. A kasuwa dillali ya san akwai ƙasan kwando, shi ya sa yake zura hannu ya tono, ya rage abin da zai rage, kowa ya tafi ba a cuci kowa ba. Dakta kuwa ba ta zo da niyyar tonawa ba. Na'urarta tana iya leƙa cikin abin da ido ba ya gani, amma abin da ya shiga bakina ranar Talata, duk duniya ni kaɗai ne zan iya gaya mata, kuma ta ɗauka zan faɗa. Wani abin mamakin shi ne, duk tsadar na'urar nan da nisan inda take, ƙarshenta dogara ta yi da biron aro a hannun yaro irina.

Kwana uku Umma ba ta ce min komai ba sai aike. Kawo ruwa. Kai niƙa. Abincina yana nan a rufe kamar kullum, ba a rage ko loma ba, kuma hakan ya fi komai hana ni sakewa. Rana ta huɗu na same ta tana tankaɗe, na tsuguna a bakin madafi, na fara wani dogon jawabi da na kwana biyu ina haddacewa, wai miyarta ta fi ta kowa a duk ƙasar Kura.

Ta ce, "Bar wannan. Ni ban ji haushi don kana son hanta ba. Ni ma ina so." Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Da ka rubuta naka na ƙarya, sai ka sa kifin a ciki. Shi ai an ci."

Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun ranar, in tashi in ba ta wuri gari yana shiga mata ido. Ban ga garin da ya tashi ba, amma na tashi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Idan babba ya ce "a'a, shi ya sa...", to a tsaya a ji abin da ke bayan "shi ya sa" ɗin, nan maganar take. Kuma idan har mutum ya ƙudura sai ya yi ƙarya, to kada ya yi ta a kan abin da mahaifiyarsa ta fi shi sani.

Dakta ta rubuta min takarda zuwa asibiti saboda ƙarancin jinin. Aka yi gwaji aka ce tsutsar ciki ce, irin wadda ake ɗauka idan ana yawo ba takalmi a jiƙaƙƙiyar gona. Wato ɗan abin da nake ci ɗin ma ba ni kaɗai nake cinsa ba. Aka ba ni magani da ƙwayoyin ƙarin jini, Baba ya sayo min takalmin roba. Iya kuwa ba ta bar gida ko ɗaya a unguwarmu ba ta kai labarin ba, don haka kafin Litinin ya riga ni isa makaranta, Nazifi ya sauke ni daga Alhaji Ɗumame ya naɗa ni Alhaji Hanta.

Na roƙi Dakta ta ba ni sabon littafi in sake rubutawa. Ta ce ba zai yiwu ba, jinin na wancan makon ne, littafin kuma zai zama na wani makon, ga shi na fara shan magani. Ta cire ni daga cikin waɗanda aka zaɓa, ta sa wata yarinya 'yar ajinmu mai suna Sa'a, wadda ta rubuta ɗumame sau bakwai a jere ba ta goge ko ɗaya ba. Kwalbata ba ta je ko'ina ba. Har yau da nake wannan rubutu sakamakon binciken bai fito ba, idan ya fito ma babu ni a ciki.